Kafin Malama Ta Dawo Gida

Talata, 4 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Auta ta koro ni gida. Ta ce kwana uku ke nan ina zaune a kan bencin asibiti, har ma'aikatan jinya sun fara tambayarta ko ni ma a ba ni gado. In je in yi wanka in kwanta, ita za ta zauna da mamanta. Ban yi musu ba. Yarinyar da nake kaiwa makaranta a bayan babur, yau ita ke ba ni umarni.

Wanka dai na yi, kwanciya ce ba ta yiwu ba. Na fito tsakar gida na tarar da lambun matata Malama, wanda tun ranar Asabar ba wanda ya ba shi ruwa. Na'ana'a ta kwanta kamar an taka ta, tumatir ya sunkuyar da kai, ganyen lemun tsami duk ya nannaɗe. Ma'aunin zafin da ke rataye a baranda ya nuna arba'in da huɗu.

Shekara talatin da ɗaya na yi ina auna wa gwamnati filaye da hanyoyi kafin in yi ritaya. Fili mai mita goma sha biyu da tara ba zai gagare ni ba, ko da yake ban taɓa shuka komai a rayuwata ba. Wannan littafin ma ragowar na awo ne, a ciki zan riƙa rubuta abin da na yi. Za ta dawo ta tarar da komai daidai.

Da bokiti na ɗebo ruwa daga kicin, sahu goma sha ɗaya. Famfon lambu yana can kusurwa, tiyo yana yashe inda yake tun ranar Asabar. Ban je wajen ba. Bokiti ma ya isa.

Laraba, 5 ga wata, da azahar

Na ƙara musu ruwa da tsakar rana, har ganye na wanke musu don su ji sanyi. Ba wani abu ba ne mai wuya.

Juma'a, 7 ga wata, ƙarfe goma na safe

Ashe ɓarna na yi. Ganyen tumatir ya yi tabo, ƙasa kuma ta yi ɓawo mai fari-fari kamar an barbaɗa gishiri. Na tsinki ganye biyu na kai wa Mai Dashe, mutumin da ke sayar da 'ya'yan itatuwa a bakin babban titi, inda Malama ke sayayya. Ya juya ganyen ya tambaye ni ƙarfe nawa nake ban ruwa. Da na faɗa masa sai ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce a garin nan duk ruwan da aka zuba bayan rana ta ɗaga, sama aka ba wa. Da sassafe ake bayarwa, a gindi, a hankali, ya jiƙa har ƙasa, sannan a lulluɓe gindin da busasshiyar ciyawa kauri kamar tafin hannu. Farin ɓawon kuma gishirin ruwanmu ne ke tasowa idan ana yi wa ƙasa yayyafi kaɗan-kaɗan.

Ya tambaya ina Malama, ya kwana biyu bai gan ta ba. Na ce tana hutawa.

Na dawo da dami huɗu na ciyawa da koriyar ragar inuwa. Mutumin ya san aikinsa, amma ya cika surutu.

Asabar, 8 ga wata, ƙarfe shida na safe

Mako ɗaya.

Na'ana'a ba za ta tashi ba, na tuge ta. Sauran suna nan.

Litinin, 10 ga wata, da la'asar

Likita ya zaunar da mu ni da Auta a ofishinsa. Ya yi bayani mai tsawo, ya nuna mana hoto a jikin fitila, Auta tana ta rubutawa. Ni abu ɗaya na riƙe: ya tambaya ko akwai matakala a gidanmu, kuma ƙofofinmu nawa ne faɗinsu. Wannan tambaya ce da na san amsarta.

Ina dawowa na ɗauko tef. Ƙofar da ke fita daga falo zuwa tsakar gida santimita saba'in da biyu ce, ana buƙatar casa'in. Matakala uku ce daga baranda zuwa ƙasa, tsawonta duka arba'in da biyar. Idan za a yi gangara mai sauƙi wadda mutum ɗaya zai iya tura keken guragu a kanta ba tare da ya ƙwace masa ba, sai ta kai mita biyar da rabi. Na ja igiya na kafa turaku. Igiyar ta bi ta kan bishiyar rumman, daidai tsakiyarta.

Na sake aunawa ta gefen katanga, ta gefen kicin. Ba wata hanya. Lissafi ba ya jin lallashi.

Shekara huɗu Malama tana renon rumman ɗin nan, bana ya fara fure. Zan cire shi da ƙasarsa in mayar da shi kusa da zogale. Ba wani abu ba ne.

Laraba, 12 ga wata, ƙarfe takwas na safe

Mai Dashe ya ce kada in kuskura. Ba a tayar da itace a tsakiyar zafi, in jira sanyi ya shigo. Na ce masa ba ni da wata huɗu, mako uku nake da shi ko ƙasa da haka. Ya dube ni. Ya ce to in jiƙa gindin kwana biyu, in haƙa da faɗi, in rage rassa, in yi masa rumfa. Har bakin mota ya biyo ni da buhun taki.

Maƙwabcina Birkila ya shigo ya ga turaku. Shekara ashirin muna katanga ɗaya, matarsa ce ta fara jin kirana ranar Asabar ɗin, don haka ban sha wahalar bayani ba. Ya ce gangara aikin kwana uku ce, shi da kansa zai yi. Ya ce amma kada in tsaya masa a kai da tef, ya san halin mutanen ofis.

Alhamis, 13 ga wata, da hantsi

Yaya, wato yayar Malama, ta zo ɗaukar mata zannuwa. Ta tsaya a baranda ta kalli ciyawa da raga da igiyoyi, ta ce ita a ganinta a tuge komai a malale tsakar gidan da siminti, kowa ya huta. Wai lambun nan ne ya jawo, mace mai hawan jini tana tsugunne a rana kullum.

Na ce, "Yaya, shekara ashirin da shida kina zuwa gidan nan. Kin taɓa samunta a ɗaki da safe?"

Ta ce da can ne.

Na ce siminti ma idan rana ta duke shi, ko da takalmi ba a iya takawa, gidan zai koma tanda. Wannan ta yarda da shi, don a gidanta haka ne. Ta ɗauki zannuwan. A bakin ƙofa ta juyo ta ce, "Baban yara, ka dai shirya zuciyarka, ba tsakar gida kaɗai ba." Na ce in sha Allahu. Ta manta da ɗankwali ɗaya a kan kujera.

Asabar, 15 ga wata, ƙarfe tara na safe

An tayar da rumman. Tun gari bai gama wayewa ba muka fara ni da Birkila, kafin rana ta leƙo katanga mun gama. Saiwa ɗaya mai kauri ta tsinke, na ji ƙarar a haƙorina. Mun naɗe ƙasar da buhu, muka ɗora a baro, muka saka shi a sabon rami da taki a ƙasa. Na yi masa rumfa da raga ninki biyu. Ya tsaya ƙyam. Zai kama.

Lahadi, 16 ga wata, da yamma

Yau sun hana shiga wurinta.

Litinin, 17 ga wata, da yamma

Zazzaɓi ne, in ji Auta, da wani abu a ƙirji. Na zauna a benci. Ban ba da ruwa ba.

Laraba, 19 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Ya sauka. Jiya ta sha kofi guda na madara da kanta, da hannun hagu, ko ɗigo bai zube ba. Auta ta kira ni tana dariya tana kuka, na ce mata ai na faɗa mata.

Na dawo na tarar Birkila ya ba da ruwa kwana biyun nan ba tare da na roƙe shi ba. Da tiyo ya bayar. Ya naɗe shi ya rataye a ƙusa, ya share wajen famfon inda Malama ta faɗi, takalminta ƙafa ɗaya da ke can ya wanke ya ajiye a baranda. Yau da kaina na je na buɗe famfon. Famfo ne kawai.

Tumatir biyu sun mutu, shida sun farfaɗo. Lemun tsami ya buɗe ganye. Ciyawar nan tana aiki: na tura yatsa a ƙarƙashinta da la'asar ɗin jiya na ji danshi.

Asabar, 22 ga wata, da azahar

Gangara ta kammala, an faɗaɗa ƙofa. Na gwada da baro cike da yashi, yana sauka a hankali kamar mai hankali. Birkila ya zana mata layi-layi kafin simintin ya bushe don kada taya ta zame.

Yanzu saura hanya da akwatunan shuka. Tun da tsugunno ya ƙare, ƙasa ce za ta taso ta same ta. Na zana akwatuna uku na bulo, tsawon santimita saba'in, da kogo a ƙasa inda gwiwa za ta shiga, faɗinsu iya inda hannu ɗaya zai kai. Duka ukun na jera su a hagun hanya. Na nuna wa Birkila takardar ina jin daɗi.

Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Injiniya, idan ta tafi suna hagunta. To idan za ta dawo fa?"

Shekara talatin da ɗaya. Na karɓe takardata. Hanyar za ta zama zagaye, ta kewaye lemun tsami ta dawo baranda, akwatunan suna ciki, kullum a hagu. Ya ce zai ba da labarin nan a wurin aikinsu. Na ce ya bayar, ba wanda zai yarda.

Rumman yana zubar da ganye. Mai Dashe ya ce dole ne ya zubar.

Litinin, 24 ga wata, ƙarfe shida na safe

An ɗauke ruwa tun jiya, zafi arba'in da shida. Abin da ke tanki na raba: na sha da girki daban, na lambu daban. Ruwan ɗauraye kwanuka da na wanke hannu duk a bokiti nake tarawa, ban da mai sabulu da yawa. Na binne tukwanen ƙasa guda biyar a gindin itatuwa, sai bakinsu a waje, ina cika su ina rufewa da faranti. Suna tsattsafa ruwan a hankali ta ƙasa inda rana ba ta gani. Tukunya ɗaya tana kai kwana uku. Na auna.

Alhamis, 27 ga wata, da la'asar

Na kai mata labari. Tana jingine da filo, an yi mata kitso, ta yi kyau. Na faɗa mata gangara, na faɗa mata tukwane, har ta ɗan motsa baki da labarin Birkila. Sai na ce na mayar da rumman kusa da zogale.

Ta kalle ni. Ta yi ƙoƙarin cewa wani abu, ya ƙi fitowa, ta sake, ya ƙi. Malama da ta shekara talatin tana koyar da yara karatu. Sai ta juya fuskarta bango. Har na tafi ba ta juyo ba.

Auta ta biyo ni farfajiya. Ta ce, "Baba, ka tambaye ta?" Na ce ta yaya zan tambaye ta. Ta ce kunnen mamanta lafiya lau, hankalinta lafiya lau, kowa yana yanke mata hukunci a kanta kamar ba ta ɗakin, likita, Yaya, yanzu kuma ni. Ta ce abu ɗaya da ya rage nata a duniya shi na shiga da tef da igiya.

Na ce don ita na yi. Ta ce ta sani.

Lissafin daidai yake. Ba wata hanyar da gangarar za ta bi. Na sake dubawa da na dawo.

Juma'a, 28 ga wata, da hantsi

Ba wata hanya. Amma da na tambaya.

Asabar, 29 ga wata, da yamma

Na zana tsakar gidan gaba ɗaya a babbar takarda, kowace bishiya da sunanta, na manna a kan katako na kai mata da jan biro. Na ajiye a cinyarta na ce, "Malama, ga aikin ɗalibinki, a duba." Ta daɗe ba ta taɓa biron ba. Ni kuma na yi abin da ban saba ba, na jira.

Da hagu ta ɗauka. Layin yana rawa amma ana gane shi. Ta soke akwati na uku, wanda ke kusa da katangar yamma, ta zana rana a kusa da shi da kibiya. Katangar tana shan rana tun azahar, da yamma tana amayar da zafi, duk abin da aka shuka a wurin zai dahu. Ban yi tunanin wannan ba. Ta ja akwatin zuwa ƙarƙashin zogale. Ta yi da'ira a wani wuri kusa da baranda, ban gane ba, na ce tukunya? Ta girgiza kai. Kujera? Ta nuna ni da biron. Kujerata ce, wai inda zan zauna.

Wajen rumman ba ta taɓa ba. Ta tsallake shi kamar babu shi a takardar.

An riga an gina akwati na uku. Gobe za a rushe shi. Birkila ya ce shi ya gaji da injiniyoyi biyu a gida ɗaya.

Laraba, 3 ga sabon wata, ƙarfe bakwai na safe

Hanya ta kammala, da bulo kwance, lafiyayya, ba tudu ba rami. An cika akwatuna: kashi biyu ƙasa, ɗaya yashi, ɗaya ruɓaɓɓen taki. Na dasa tumatir ɗin da suka rayu a na farko, ɗoɗɗoya da barkono a na biyu. Na uku na bar shi babu komai. Na ja raga a sama daga baranda zuwa zogale, inuwar tana sauka a kan hanya daidai daga ƙarfe goma.

Na kankare ɓawon rumman da farce a reshe uku. Biyu sun bushe. Na ukun ban tabbatar ba.

Ranar Juma'a za a sallame ta.

Juma'a, 5 ga wata, da la'asar

Ta dawo. Keken ya shige ƙofa da sarari a kowane gefe. Yaya ta zo, matar Birkila ta zo, falo ya cika. Da aka watse na ce ko za ta ga tsakar gida, rana ta yi sanyi. Ta nuna ɗaki. Auta ta kai ta, Malama ta sa aka saki labule.

Gajiya ce. Ba wani abu ba ne.

Lahadi, 7 ga wata, ƙarfe shida na safe

Labulen yana sake. Na ba da ruwa. Na cika tukwane.

Litinin, 8 ga wata, da hantsi

Reshe na ukun ma ya bushe. Na kankare har gindi, babu kore ko kaɗan. Na shiga ɗaki na zauna a bakin gado na faɗa mata, ban yi kwana-kwana ba. Na ce rumman ya mutu, ni na kashe shi, an gargaɗe ni ban ji ba. Na ce ko yau aka sake ba ni zaɓi tsakanin bishiyar da hanyar da za ta fito da ita waje, hanyar zan zaɓa, amma da bakinta ya kamata in ji, kuma ban nema ba.

Ta yi kuka, ba mai sauti ba. Ba na jin na rumman ne kaɗai. Tun ranar Asabar ɗin ban ga ta yi ba, Auta ma ta ce ba ta gani ba. Na riƙe hannun dama, wanda ba ya riƙe ni. Da ɗayan ta goge fuskarta, sannan ta goge tawa.

Talata, 9 ga wata, ƙarfe tara na safe

Ina durƙushe a gaban akwati na uku wajen ƙarfe shida da rabi, na sayo dashen na'ana'a jiya zan saka, sai na ji ƙarar taya a kan gangara. Ban juya ba sai da suka sauko. Auta ta kawo ta har bakin hanya ta saki, ta koma baranda ta tsaya.

Da hannu ɗaya da ƙafa ɗaya ta tura kanta. Keken yana karkata, tana gyarawa. Ta tsaya a akwatin farko ta ɗaga ganyen tumatir ta duba ƙarƙashinsa. Ta murza ɗoɗɗoya ta shinshina. A gaban busasshen rumman ta ɗan dakata, ta taɓa shi, ta wuce. Zagayen da nake yi da taku talatin ya ɗauke ta kusan kwata na awa. Sau biyu na yunƙura zan tashi, Auta ta harare ni daga baranda.

Ta iso inda nake, gwiwarta ta shige kogon daidai. Na ci gaba da aikina kamar ban gan ta ba. Na haƙa rami da 'yar fatanya, mai zurfi, na tura dashen ciki har wuya, na fara danne ƙasa da ƙarfi.

Ta buga gefen keken. Na ɗago. Bakinta yana aiki, na ga kalmar tana zuwa tana komawa. Na san abin da take so ta ce, yana kan harshena, na haɗiye shi. Na jira.

"Ba," ta ce. Ta numfasa. "Ba haka ba."

Ta miƙo hannu ta karɓe fatanyar. Ta tono dashen, ta karkaɗe shi, ta yi rami marar zurfi, ta kwantar da shi a gicciye ta ja ƙasa sama-sama. Ta nuna min bokiti. Na zuba, ta ɗaga hannu, na tsaya. Ta nuna na biyu. Haka muka yi har guda bakwai, ita tana shukawa ni ina miƙo mata, har inuwar ragar ta fara matsowa. Ƙasa duk ta ɓata mata zani, ta hana Auta ta karkaɗe.

Yanzu tana ciki tana barci. Ƙotar fatanyar ta yi mata tsawo, tana dukan gefen keken idan ta ɗaga. Zan kai wa kafinta ya rage. Amma sai ta tashi ta nuna min inda za a yanke.